Ƙullin Inna Mbarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro Si Mongi, malam limamin masallacin bakin teku, 'yan kwamitin wannan baje koli, iyayena mata da ke zaune can gefe, masuntan garinmu, jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku. Ni ce Dalanda, wadda ta rataya tarun kamun kifin da ke bisa kawunanku. Ina godiya ga masuntan da suka ba ni shi, da duk hannun da ya ɗaura masa ƙyalle.

An ce in yi jawabin rufewa cikin murna. Wallahi ba murna a raina, tsoro nake ji.

Na farko, ni na ce kowa ya zo ya ɗaura ƙyalle ya roƙi Allah buƙatarsa, kamar yadda kakanninmu ke yi a jikin tsohuwar bishiyar zaitun ta garinmu. Na zaci masu neman aure da masu jarrabawa zan gani. Ashe uwayen yaran da suka shiga kwalekwale suka tsallaka teku ne za su cika wurin, kowace da yankin rigar ɗanta.

Na biyu, kwamiti ya amince a kai tarun wani baje koli a ƙetare, gobe a jirgin ruwa. Masu ɗaurin kaya sun ce ba zai naɗu ba sai an kwance ƙyallayen. Jama'a, wane ne a nan bai san ƙa'idar ba? Wanda ya ƙulla shi ke kwancewa, ranar da Allah ya amsa masa. In wani ya kwance, ya ce mai rigar ya mutu ke nan.

Jiya Inna Mbarka, mahaifiyar Gassan wanda ya tafi tun bara ba labari, ta tare ni a ƙofa. Ta ce, "Ke Dalanda, 'yar boko, da gaske ne za ku taɓa min ƙullina?"

Na ce, "Inna, ai malam ya faɗa, ƙyalle ba ya ba da komai."

Ta ce, "Ji min yarinya! Ni za ki koya wa? Allah nake roƙo. Ƙyallen don kada hannuna ya zauna banza ne." Sai ta kama ni a wuyan hannu, ta ce, "Ranar da aka kwance shi, ranar zan shimfiɗa tabarmar makoki. Kuma ba zan tashi daga kanta ba."

Ina tsoro, domin na san ta, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ina tsoro, domin tun da ta ji batun jirgin ko shayi ta ƙi sha. Ina tsoro, domin ba ita kaɗai ba ce, ita ce dai ta iya buɗe baki.

Mai girma shugaba, ina roƙon arziki, a bar tarun nan inda yake. Mutanen ƙetare su yi haƙuri, su kalli hotonsa. In kuwa kwamiti ya ƙi, to ni dai hannuna ba zai kwance ba. Wanda zai yi, ga Inna Mbarka can kusa da taga. Ya fara zuwa gabanta, ya dube ta ido da ido, ya gaya mata da bakinsa cewa Gassan ba zai dawo ba.

Allah ya dawo da na nesa, ya sanyaya zukatan iyaye, ya sa kowace uwa ta kwance ƙullinta da hannunta tana dariya. Allah ya maida kowa gida lafiya.

Na gode.