Abin da Ke Cikin Hannun Rigar Alƙali

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaban gidan talabijin. Malamanmu da suka buɗe mana taro da addu'a, Allah ya ƙara lafiya. Darakta, barka da zuwa. Shekara talatin da sanina da kai, yau na fara ganinka zaune ba ka yi wa kowa tsawa. Yaya, uwargidan marigayi, Allah ya ƙara miki haƙuri. Injiniya, babban ɗa, da ƙannenka maza da ke jere kusa da kai. Ke ma da kika laɓe can baya kusa da ƙofa, Magatakarda, na gan ki, idona bai mutu ba tukuna. Jikoki, abokan aiki, maƙwabta, sannunku da zuwa.

Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana. Gwiwoyin nan sun riga ni yin ritaya. Kuma gaskiya na gaji. Mu goma sha huɗu muka fara shirin nan, yau saura mu uku, kuma duk wanda ya tafi ni ake aiko wa mota, wai na iya baki. Ba baki na iya ba, daɗewa na yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai ɗinkin kayan wasa. Shekara ashirin da biyu gidan talabijin yana nuna shirinmu na mutanen zamanin da, lokacin da babu mota babu waya, marigayi yana fitowa a matsayin alƙali. Duk rigar da kuka gani a jikinsa ni na yanka, ni na wanke, ni na goge. Yana ce mini Tela, ina ce masa Alƙali, har sunan ya bi shi gida ya zauna.

Ya kasance mutumin da muka ara wa rawani, jama'a suka ƙi yarda na aro ne. A bakin hanya ake tare shi da rigimar katanga da ta gado. Sai ya ce shi fa alƙalin kwali ne, ko sandarsa fenti ce. Ya gama faɗin haka kuma ya nemi benci ya zauna ya saurara, mu muna can muna jiransa da fitilu a kunne, Darakta yana cin kan biro.

Ya kasance ba ya iya ganin an kori mutum. Tsohon da ke fitowa a mai gadin kotu ya kamu da tari, aka ce yana ɓata sauti, a sallame shi. Alƙali ya tambaya ko a zamanin da mutane ba sa tari ne. Aka bar tsohon ya yi ta tarinsa a talabijin shekara shida.

Ya kasance mai rufa asiri. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na yi wata guda ban taka wurin aiki ba. Rigar Alƙali ta yage a kafaɗar dama. Wata guda cur yana zama a karkace, yana ba kyamara hagunsa, don kada a tambayi ina Tela. Har wasiƙa aka aiko ana yaba sabon salon zamansa.

Wannan duk kun sani, ko kun ji irinsa. Ba shi ya sa na yarda na hau motar nan ba. Akwai maganar da kowa a ɗakin nan yake kewayewa kamar rami a tsakiyar hanya. Shekara huɗu ke nan da marigayi ya ajiye aiki, shekara huɗu ke nan kuma Injiniya bai amsa gaisuwar ƙanwarsa da cikakken baki ba. Domin ita ce ta je wurin Darakta ta ce a cire ubansu daga shirin. Ana cewa ta raba shi da abin da ke riƙe da shi, daga nan ya fara mantuwa, daga nan ya zube. Ko ranar da aka kai shi makwancinsa na ji an faɗa. Shi ya sa take zaune a bakin ƙofa, ga kujera a jerin gaba babu kowa a kai.

To ga ƙunshi na zo da shi. Wannan ita ce rigar.

Shekara biyu kafin ya daina, wata safiya ya shigo ɗakin kaya ya turo ƙofa. Ya zauna a kan akwatin rawuna, ya daɗe yana kallon dutsen guga. Sannan ya ce, "Tela, kalmomin sun fara gudu na. Ina kwana da su, in tashi babu." Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba yana raye, musamman 'ya'yansa maza, don a idonsu shi dutse ne, ba ya son su ga dutse yana marmashewa.

Ni kuma da wayona na tsohuwa sai na samo dabara. In yanko farin ƙyalle, in rubuta maganarsa da biro, in ɗinke a cikin hannun riga na hagu. Kun tuna yadda yake ɗaga hannu a hankali, ya sunkuyar da kai kamar mai zurfin tunani, sannan ya yanke hukunci? Har manyan mutane suka riƙa kwaikwayonsa a wurin taro. Ba tunani yake ba, jama'a, karatu yake. Kuma rubutun wa yake karantawa? Na matar da ta bar makaranta a aji huɗu, wadda rubutunta ya yi kama da inda kaji suka yi dambe.

Darakta, riƙe kujerarka da kyau. Ka tuna shari'ar manzon nan da ya makara da saƙo saboda ya tsaya jinyar uwarsa? A takarda an rubuta, a saka shi a kurkuku. Kafintoci sun kwana uku suna haɗa kurkukun, an tsara mako huɗu yana ciki. Ni na kwafa, ƙyallen ya gaza, "a kurkuku" ya shige cikin kalmasa. Harafin ƙarshe na "saka" kuma, tsakanina da Allah, ban san abin da na zana ba. Alƙali ya ɗaga hannu, ya duba, ya ce, "A sake shi."

Wanda ya fito a manzon, ga shi can, yau furfura ta ci kansa, ya zube ƙasa yana kuka na gaske, don uwarsa ta gaske tana asibiti a lokacin. Darakta ya buɗe baki zai yi tsawa ya kasa. Aka bar shi haka aka nuna. Shi ne shirin da aka fi maimaitawa har yau, har aka ba marubucinmu, Allah ya jiƙansa, lambar yabo a kan zurfin hikima. Ya karɓa kuwa, kamar shi ya rubuta. Kafintoci ne kawai suka yi wata biyu ba sa gaishe ni, ba su ma san dalili ba, jikinsu ne ya ba su.

Daga baya na tambayi Alƙali ko da gaske bai gane rubutun ba. Ya ce in harafi ya tsaya tsakanin ɗauri da saki, alƙalin kirki ya san wanda zai karanta.

Kun yi dariya, na gode, ni ma na yi ta a lokacin. Amma ƙyalle ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama hannu biyu, har na fara ɗinkawa a bayan mafici. Yana zuwa da sassafe, yana zufa tun ba a kunna fitila ba. In an gama ya dawo ɗakin kaya ya zube, ba ya iya kwance rawani da kansa. Ni kuma ina ganin taimako nake yi.

Wata rana wannan yarinyar ta kawo masa tabarau da ya manta a gida. Tun tana 'yar firamare ita ke riƙe masa takarda yana haddacewa, shi ya sa yake ce mata Magatakarda. Ta same ni da allura a baki. Ta ɗauki ƙyallen ta karanta, da yake malamar makaranta ce har ta gyara mini harafi biyu. Sannan ta tambaye ni tun yaushe. Na faɗa mata. Ta je ta tsaya bayan kyamara, ta ga yadda ubanta ke laluben maganarsa a cikin hannun rigar. Ta dawo ta ce, "Inna, ba riƙe shi kike yi ba. Ɗinke shi kike yi a jikin kujerar nan."

Na ce mata mara kunya. Na ce tun ba a haife ta ba nake zare allura. Duk wanda aka faɗa wa gaskiya haka yake yi, shekarunsa yake jawowa.

Washegari ta shiga ofishin Darakta. Yana nan, in na yi ƙarya ya tashi. Ba ta faɗi dalili ba, don uban ya roƙe ta kamar yadda ya roƙe ni. Abin da ta ce kawai, a sake shi. Marubuci ya so a kashe alƙalin a shirin, a yi kuka, a tara masu kallo. Ta ce ba za a kashe mata uba tana kallo ba, ko da wasa ne. A bar shi ya tashi da ƙafarsa. Haka aka yi. Kun tuna ranar. Ya miƙa sanda, ya ce kujera ba ta tsufa, mai zama a kanta ne ke tsufa, shi zai tafi tun ƙafarsa na iya kai shi gida. Ranar ban ɗinka masa komai a hannun riga ba. Daga cikinsa ta fito.

Ya yi fushi da ita wata guda. Ku kuma, Injiniya, da kuka ga mantuwa ta bayyana bayan ya zauna a gida, kuka ce zaman ne ya kawo ta. Ba ku yi ƙarya da gangan ba, abin da aka bar ku ku gani kuka gani. Ciwon ya girmi ritayar da shekara biyu. Ni na ɓoye shi da zare da allura. In akwai wanda za a daina gaisarwa, ga ni nan, ni na saba, kafintoci sun koya mini.

Kuma shekara huɗun nan da kuke kira zubewa, Yaya tana nan, ta faɗa. Ya kasance yana barci har rana ta fito. Ya kasance yana ba shukokinsa ruwa sau uku a yini, don ya manta ya ba su, har suka fi na kowa kyau a layin. Ya kasance jikoki na kawo masa ƙarar wanda ya cinye wa wani alewa, ya saurari kowa da natsuwa, ya sallami kowa. Mu da muka yi aiki da shi ba mu taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba.

Watanni uku kafin rasuwarsa na je gaishe shi. Yaya tana kicin, mu biyu ne a falo, ana maimaita wani tsohon shiri na shekarun ƙyalle. A lokacin ya daina gane kansa a talabijin. Ya zuba wa alƙalin ido, yana ganin yadda yake ɗaga hannu yana dubawa. Can ya taɓo ni ya ce, "Baiwar Allah, dattijon nan ya gaji. Ba shi da 'ya'ya ne da za su ce ya huta?"

Na ce yana da su. Na ce 'yarsa ta zo ta tafi da shi gida.

Ya ce, "Allah ya yi mata albarka."

Magatakarda, ba ki ji wannan ba, don ban faɗa wa kowa ba. Kunya ta hana ni, rantsuwa ta ba ni wurin ɓuya. Yau rantsuwar ta ƙare. Albarkar taki ce, na riƙe miki ita fiye da kima, ki yafe mini.

Injiniya, zo nan, ɗana. Na ɗaura maka ɗankwali a ka kana shekara biyar kana cewa kai ne alƙali, ba za ka ƙi kirana ba. Ungo. Wannan shi ne ƙyallen ranar manzo, ban taɓa farke shi ba sai jiya. Kai ne babba yanzu, sandar tana hannunka. Ka yi karatu mai zurfi, ka fi ni sanin haruffa. Duba na ƙarshen nan da kyau, ka karanta wa ƙanwarka yadda ka ga ya dace. Zan jira. Ni da gwiwoyina ba inda za mu.

To. Ku ba shi hanya ya wuce wurin ƙanwarsa. Kai mai kyamara, sauke ta, wannan ba shiri ba ne.

Ranka ya daɗe, malamai, jama'a, na gode da kuka jure surutun tsohuwa. Darakta, mun saura mu uku. In nawa ya zo kada ka aika wa kowa mota, ka zo da kanka ka yi tsawa ɗaya in san kana nan.

Ya Allah, bawanka ya rufa asirin mutane, ka rufa nasa. Ya tausaya wa na ƙasa da shi, ka tausaya masa. Ka haɗa kan 'ya'yansa, ka sanyaya zuciyar uwargidansa, ka ba mu ikon gane lokacin tashi tun ƙafa na iya kai mu gida. Ranar da za a buɗe littafinsa, ya Allah, ka sa ya ji kalmar da ya karanta wa wani.

Amin. Wani ya zo ya kama ni in tashi.