Wa Ya Taɓa Gurbin Sanyi?

Auta: Salamu alaikum. Yaya?

Yaya: Wa alaikumus salam. Auta, kina ji na?

Auta: Ina ji. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya jego? Ya ɗan abokina?

Auta: Lafiya, yanzu ya yi barci da ƙyar. Ya Anti da yara?

Yaya: Kowa lafiya. Ya maigidan?

Auta: Ya fita kasuwa. Ya ofis? Ya riƙon ƙwarya?

Yaya: Hmm.

Auta: Wannan hmm ɗin ba na lafiya ba ne.

Yaya: Tsakaninki da Allah, me na yi miki? Kika ce Yaya zo ka riƙe min aikina kafin in dawo daga haihuwa, manhajar rarraba magunguna ce, ba wuya. Tun kina firamare nake rubuta manhaja. Java, C, Python, wanne ne ban ci abinci da shi ba? Sai ki rasa yaren kwamfutar da za ki gina wa kamfanin abu da shi sai Lisp?

Auta: Na faɗa maka tun farko.

Yaya: Ba ki faɗa min baka za ta makantar da ni ba.

Auta: Ban ba ka me ba? Layin yana yankewa.

Yaya: Baka! Baka na ce, alamar buɗewa da rufewa! Layi ɗaya sai ya ƙare da tarin baka kamar an zubar da farce. Wannan ma na haƙura. Amma tsarin ajinsa fa, yadda yake kasa abubuwa rukuni-rukuni? Duk yaren da na sani, ka buɗe aji ka ga ayyukansa a cikinsa. A nan na buɗe ajin Kwali, ba komai sai guraben ajiye bayani. Ayyukan suna can waje suna yawo kamar awaki.

Auta: Haka CLOS yake, tsarin ajin Lisp ke nan. Aikin lodi yana duba irin kwalin da irin motar a lokaci guda, sannan ya zaɓi abin da zai yi. Ai daɗinsa ke nan.

Yaya: Daɗi? Na gyara aiki ɗaya, ashe akwai wani da ke gudana kafinsa, wani bayansa, wani kuma ya naɗe su duka, kowanne a fayil dabam!

Auta: Yaya, ba don wannan ka kira ni ba. Me ya faru?

Yaya: Suna kawai na sake.

Auta: Sunan me?

Yaya: Wani gurbi a ajin Kwali. Kin sa masa "sny". Wane mahaluƙi ne zai gane "sny"? Na mayar da shi "sanyi", yadda mutum zai karanta.

Auta: A kwamfutarka.

Yaya: E to, wato…

Auta: Yaya! A kwamfutarka ko a kan sabar, babbar kwamfutar da ke tafiyar da aikin?

Yaya: To ina na san tagar a haɗe take da sabar? A duniyar masu hankali sai ka haɗa manhaja, ka gwada, ka kashe tsohuwar, sannan ka ɗora sabuwa. Wannan ina danna maɓalli ya haɗiye gyaran yana cikin gudu!

Auta: Innalillahi! Ka sake suna, ai a wurinsa ka share gurbi ne ka ƙirƙiri sabo fanko. Gurbin nan shi ke nuna kwalin da sai motar firij. Insulin na masu ciwon suga! Allurar rigakafin yara!

Yaya: Na gani ai. Ya loda su a motocin da ba firij.

Auta: Da wannan ranar?

Yaya: Kar ki yi min ihu, ni ba ɗan koyo ba ne. Ina lura na tsayar da lodi, na kira direbobi. Biyu sun juyo, an mayar da kayan ɗakin sanyi. Saura ɗaya, mai farar motar nan, wayarsa a kashe.

Auta: Dogo. Ba ya kunna waya in yana tuƙi. Ka sa mai sito ya kira asibitin yara da ke bayan gada, nan yake fara tsayawa. Su riƙe shi, su sa kwalayen a firij ɗinsu.

Yaya: Dakata… Kai, mai sito! Asibitin bayan gada, a tare Dogo a can! Da gudu! … To, ya tafi.

Auta: Yanzu kar ka ƙara taɓa komai.

Yaya: Ki daina ba ni umarni kamar ni kaɗai ne mai laifi. Ina takardar bayani? Ina gargaɗi? Kin gina abin da duk kamfanin ba mai ganewa sai ke. Da haihuwar ta zo da matsala fa, Allah ya kiyaye? Rayukan mutane a cikin kanki kaɗai! Abin da na faɗa wa manaja ke nan.

Auta: Ka faɗa wa wa?

Yaya: Ya tsare ni a gaban kowa, dole in ba shi amsa.

Auta: Me ka ce masa?

Yaya: Na ce tsarin yana da haɗari. Na ce gara a rushe shi a sake ginawa da Java.

Auta: Shi kuma ya ce?

Yaya: Ya ce… in kawo masa tsari. In jagoranci aikin.

Auta: Lallai. Na ba ka aron kujerata saboda ka daɗe a gida ba aiki, ina kwance da ɗinki a cikina, ka fasa min abu da hannunka, sannan ka ce maginin ne bai iya ba?

Yaya: Ba haka na…

Auta: Ka faɗa masa kai ka sake sunan?

Yaya: Bai tambaya ba.

Auta: Bai tambaya ba! Tun da na kunna manhajar nan ba ta taɓa sa insulin a rana ba sai da gwani ya zo. Takardar bayani kam ka yi gaskiya, ban rubuta ba, zan amsa wannan a gabansa. Kai ma za ka amsa naka.

Yaya: Auta, ki tuna da wa kike magana.

Auta: Na tuna, shi ya sa ban zage ka ba. Ga shi ka sa na tayar da jaririn. Yi shiru, ɗan Baba, yi shiru… Ke mai raino, miƙo min zanen goyon nan.

Yaya: Goyo? Ina za ki?

Auta: Ofis.

Yaya: Ke! Likita ya hana ki hawa matakala! In wani abu ya same ki me zan ce wa mijinki? Ki faɗa min ta waya, zan rubuta duk abin da kika ce.

Auta: Ka ce wa manaja ya jira ni. Kai ma ka zauna, a gabanka za a yi.

Yaya: Ki saurare ni, zan shiga wurinsa yanzu da kaina, zan gaya masa ni ne na…

Auta: Ka ɗauke jakarka daga kan teburina.

Yaya: Auta? Halo? Auta!