Sunana Yana Cikin Wayar Alhaji Hamadu

Da kuɗin riɗi na tafi Yawunde ta Kamaru. Buhu biyu na sayar, na ɗaure allurai da zare a ɗankwalin uwarku, na kama hanya. Kai Sadiƙu, ajiye wayar nan ka ji, zancen na irinku ne.

A unguwar Birkitari na sauka. Mutanen can suna rubuta sunanta da wasu haruffa barkatai, amma Hausa ake yi a cikinta kamar kana Mubi. Maigidana Alhaji Hamadu ne, mutumin Garwa, mai shagon ɗinki kusa da mahauta. Ya ba ni tabarma a bayan shago, na zauna ina yi masa aikin hannu a wuyan riguna. Fataron ake ce masa, wai shi ne maigida da Faransanci. Ni dai Alhaji nake cewa, bakina bai iya iyayi ba.

Shi ya zo da maganar wani shafi a intanet inda masu sana'ar hannu ke sayar wa mutanen ƙetare kaya. Shafin ba ya tambayar lambar sirri. Walat na kirifto kake buɗewa a waya, in za ka shiga sai ya aiko saƙo, ka danna, walat ɗin ya sa hannu a madadinka, ƙofa ta buɗe. Sinye suke kiran abin, wato sa hannu da Faransanci. Kullum sinye, sinye, kamar kukan sauro.

"A wayar wa za a buɗe?" in ji Alhaji.

To ku faɗa mini, baƙon da ke cin tuwon mutum zai ce a tawa? A wurinmu ɗan ci-rani komai nasa wurin maigida yake ajiyewa. Na ce, "A taka mana, Alhaji." Aka sa hotona, aka rubuta Ɗanlami Mai Allura.

Shekaru na yi ina tsiyayar da idona. Masu saye suna ta yabo a ƙarƙashin hotona, har wani daga Marsai ta Faransa ya ce da rigata aka ɗaura masa aure. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da cinikin.

Sai aiki ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Alhaji ya sayo injin surfani.

"Mu riƙa haɗawa da na inji, wa zai gane?"

"Ni zan gane, Alhaji. Sunana ne a wurin."

"Sunanka? A wayar wa yake?"

Ranar na naɗe tabarmata. Na taka har unguwar Tsinga wurin wani mai shagon kwamfuta, ya rubuta wa masu shafin ƙorafina. Amsarsu ba ta da tsawo: ba su san fuska ba, ba su riƙe makullin kowa ba, wanda walat ya sa wa hannu shi ne mai shafi. Na ce a gaya musu hotona ne, su dubi yatsuna ma in suna so. Mutumin ya ce, "Baba, hoto ba ya sinye."

Na kai ƙara wurin dattawan unguwa. Suka ce amana ce, a mayar. Alhaji ya ce bismilla, a nuna masa abin da na ba shi ajiya, riga ce ko akwati? Dattawa suka dubi juna. Aka yi fatiha aka tashi, ni kuma na nemi motar gida.

Asarar cinikin ba ta dame ni ba, Allah na tuba. Bayan sallar nan na sa aka buɗe mini shafin. Hotona na nan ina murmushi kamar wawa. A ƙasa wata mata ta rubuta cewa Ɗanlami macuci ne, aikin inji ya aiko mata da sunan na hannu, kowa ya guje shi. Na ce a rubuta mata ba ni ba ne, kalma huɗu kacal. Shafin ya ce sai na sa hannu tukuna.