Turaren da Kawu Garba Ya Sayo a Legas

Kuɗin motata ta zuwa Legas tunkiyar innata ce. Ita kanta tunkiyar ba ta so tahiyar ba, sai da tat tsinke igiya taz zagaya da mu kasuwar Jega kahin mahauci ya cahe ta. Ku da ke zumuɗin ci-rani bana, ku gyara zama. Kai kuma aje wayar nan.

Kawu Garba nib bi, ƙanen babana na Jiga Birni. Kun san shi, mutumin da ko inuwatai ba shi son a zauna kyauta. Bisa buhunnan albasa munka yi tahiyar, kahin mu isa ko tari nay yi albasa ce. Munka samu ɗaki guda bayan kasuwa, gidan wata Bayarba, Iya Sikira. Can wai "landiledi" ake ce ma mai gidan haya. Bakin Kawu ya kasa ɗauka, sai yam mai da ita Ladidi, tun tana hushi har tas saba.

Ɗakin nan shi ne makwancinmu, shi ne sitonmu, abin da bai saidu ba mu jibge shi ciki. To Legas ba Aliero ba ce, iskarta jiƙe take kamar tsumman wanka. Kwana kaɗan albasa ta hwara ruɓa. Rannan sai ga Iya Sikira toshe da hanci.

"Malam, gidana bola ne?"

"Haba Ladidi, ai arziki ne ke ƙamshi."

"Arzikinka ya kusa korar mani 'yan haya. Ran Lahadi zan dawo. In na ji warin nan, fak-awut."

Fak-awut shi ne kwashe komatsanka ka ƙara gaba. Kuma ɗaki a Legas, ga baƙo mai warin albasa, ya hi matar aure wuyar samu. In munka rasa shi, ci-rani ya ƙare tun bai hwara ba.

Munka tsince ruɓaɓɓun, munka wanke daɓe, wari yac ce yanzu yaz zo. Nic ce, "Kawu, akwai wata Babarbariya bakin masallaci mai turaren wuta na ƙwarai." Irin wanda kunka sani ne, itace da kajiji da hwarce da ƙaro, a soye da sukari a zuba madarar turare. Munka isa wurinta, Kawu yaj ji kuɗin kwalba guda, yay yi salati kamar an yi mashi rasuwa, yaj juya.

Ran Asabar sai ga shi da murmushi har kunne. Wai ƙarƙashin gada yag gamu da wani saurayi mai kitson dada, shina sai da turaren ganye cikin 'yar leda mai walƙiya, "habal" sunanshi, araha kamar ƙasa. Saurayin ya ce tsunkule kaɗan ake yi. Kawu har gyara yan nema, anka ba shi.

Nib buɗe. Busasshen ganye ne kamar dakakken lalo, sai wani ɗan wari na maganin sauro.

"Kawu, wanga bai yi mani kama da turare ba. Mi ke ciki?"

"Turaren birni ne, ɗan ƙauye. Kawo garwashi."

Kun dai ga yadda uwayenku ke yi, a zuba garwashi a kasko, a barbaɗa turare, a ja ƙohwa da taga don hayaƙi ya kama tuhwahi. Amma su hita suke yi su bar ɗakin. Ran Lahadi da hantsi Kawu yaj juye ledar duka, yat toshe ƙasan ƙohwa da buhu, yas sa sakata. Nim miƙe zan hita, yaj jawo rigata.

"Na biya kuɗi bango kaɗai ya sha? Zauna, mu ma mu turaru."

Da hwarko dariya ce tak kama mu, ba mu san ta mi ba. Ina kallon Kawu ina dariya, shina kallon kasko shina dariya. Can nij ji ƙahwahuna sun tahi Maiyama sun bar ni. Kawu kuwa yad durƙusa gaban wani buhu shina gaishe shi, "Sarkin noma, ina gajiya? Ina iyali?" Da buhun yaƙ ƙi amsawa, sai yah hwara taya shi, wai ko nawa ne a sallama. Wallahi na ji buhun ya ce albarka.

Daga nan daɗi yaƙ ƙare. Zuciyata tana dukan ƙirji kamar ana sussuka, bakina ya bushe, ina laluben ƙohwa ina kama bango. Nij juyo nig ga Kawu ƙasa, jiki sandare, ido ya kahe, kumhwa a baki. Ban taɓa jin tsoro irin na rannan ba, kuma ga ni na kasa bar dariya.

Iya Sikira da taz zo duba wari ita tag ga hayaƙi na silalowa. Da taɓarya tab ɓalle ƙohwa, taj ja mu waje ta ƙahwa tana zagi da Yarbanci, anka sa mu a keke-napep sai asibiti. Ma'aikaciyar jinya tad dubi ledar tag girgiza kai. Ta ce ganyen ba kome ba ne, guba ake hesa mashi don masu shaye-shaye, sunan turare rigar ɓoyo ce kurum, ko mai sai da shi bai san ƙarhin abin da ke ciki ba. Ta ce ko turaren ƙwarai ne, garwashi cikin ruhwahhen ɗaki kaɗai ya isa ya kashe mutum.

Kawu ya kwana biyu ana ƙara mashi ruwa. Da munka dawo, kayanmu na tsakar gida.

"Ladidi, ai warin ya tahi."

"Ya tahi, kai ma bi shi. Albasa na iya haƙuri da ita, gawa a gidana ban iyawa."

Motar albasa da tas sauke kaya ita tam maido mu, aljihu wayam. Inna Hajo matar Kawu ta ji maigida na tahe, tay yi shara, tat turara ɗaki yadda ake tarbar matahiyi. Kawu na sa ƙahwa zaure yaj ji hayaƙi, yat tsaya cak.

"Hajo, mi kiz zuba a wutar nan?"

"Kajiji ne Malam, na hwadamarmu."

"Hito da shi in gani."

Tah hito da shi bisa hwaihwai. Yaj jujjuya, yas sunsuna, yag ga dai kajiji ne. Duk da haka a rumhwar albasa yak kwana.