Dashen Lemun Marigayi

A tashar motar Goronyo na ji wannan zance, tsakanin wata tsohuwa mai rungume da dashen lemu da wani manomi da bai san ta ba.

"Inna, juya ganyen nan ki gani."

"Mi ad da shi, ɗana?"

"Ƙwari ne. Ga su ƙanana kamar ƙwarƙwata, ruwan ƙasa, da ɗan fiffike. Taɓa guda ki ga tsalle. Su ka tsotsar toho har shi nannaɗe. Na gan su Wurno, na gan su Kagara. Ina za ki da shi?"

"Rimawa, gidan ɗiyata."

"Can ban ji sun kai ba tukuna. Ke za ki kai musu. Bar shi nan, Inna."

"Ba ni barin shi. Irin iccen maigidana ne, shi ko ya rasu bara. Yarinyar ta ce tana son zama inuwar babanta."

Mutumin ya karɓi dashen daga hannunta.

"Allah shi jiƙan shi. Miƙo butarki. Akwai guntun sabulu?"

"Ai ga motarku ta Dinawa ta cika, kai ake kira."

"Bari ta tahi. Ganye goma sha biyu ne kawai, ɗai-ɗai za mu wanke su."