Dakan Turmi Ba Hatsi

A bakin rijiya a Agadas, wata mai goyo ta tsaya kusa da tsohuwa Altine.

"Inna, wane daka na ji jiya a ƙofar bariki, kamar turmi ba hatsi?"

"Ba hatsin, 'yata. Mu ke yi wa sojan Annasara daka. Suka rage lada, suka hana mu dusa, muka je muka daka turmi wayam don su ji. Sai suka kore mu."

"An ce sun ɗauki wasu."

"Wadda duk ta karɓi turmina, Allah ya..."

"Inna, ni ce. Raƙuman mijina suka ƙwace. Yarana uku."

Altine ta dubi tafin hannun mai goyon, duk sabon bororo.

"Taɓaryar da na bari can tsagagga ce. Ki naɗa mata tsumma, kar ta cinye miki hannu."