Mutumin da bai yarda haikalinmu ya mutu ba

Shugabar majalisar ƙauyenmu, Uwargida Kausalya; Shukla Sahab na hukumar adana kayan tarihi, da ya taso tun daga birni; malaman ibada; matar yayana marigayi, Phulmati; ɗansu, ɗanmu Umakant, da ƙannensa; jama'ar Bherupura, ina gaishe ku, ina yi mana gaisuwar rashi.

Ni Bhagirath mai alewar madara ne, ban iya jawabi ba. An tsayar da ni ne don tare muka yi ƙuruciya da marigayi Girdhari Pathak, lokacin haikalin abin bautarmu Mahadeb na kan tudu ba shi da shinge. Mahaifinsa, mai hidimar haikalin, yana kaɗa ƙararrawa da sassafe, mu muna laɓe bayan ginshiƙi muna jiran rabon kwakwa da ayaba. Har yau in na ji ƙanshin fitilar man shanu, kewar wancan zamani takan kama ni.

Yaran yanzu ba su san yadda aka yi ba. Dokar hukuma ita ce, haikalin da ta tarar ana ibada a cikinsa rayayye ne, a ci gaba. Wanda ta tarar shiru matacce ne, ba fitila, ba fure, ba ƙararrawa. A makon da mutanenta suka zo dubawa mahaifin Girdhari ya rasu, kun kuwa san gidan da ke makoki ba ya kusantar wurin ibada. Suka tarar da fitila a kashe, suka ce matacce ne. Bin addininmu ne ya raba mu da shi.

Girdhari ya kasance mai gardama, Phulmati shaida ce, amma bai taɓa karya dokar ba. Kullum sai ya bi layin masu yawon buɗe ido, ya tsaya gaban Mahadeb, leɓɓansa kawai ke motsi. Mai gadi yakan ce, "Baba, me kake taunawa ne?" Ya ce, "Duwatsunku nake ƙirga muku, kar a sace ɗaya kana gyangyaɗi."

Ya kasance mai tsare mu daga kanmu. Shekarar da samarinmu suka haura tudu da ganguna da tutoci za su ɓalle ƙofa, a bakin ƙofar suka same shi zaune. Ya ce musu, "Ku za ku yi ibadar yini ɗaya ku koma gida. Gobe a garƙame wurin, ni kuma a hana ni ko tsayuwar." Suka kira shi matsoraci. Ya sha zafin kalmar, amma bai tashi ba.

Ya kasance mai tsoron abu ɗaya: rana ta fito ta faɗi ba wanda ya gaida Mahadeb, maganar hukuma ta zama gaskiya. Da ciwo ya tsananta ya kama hannuna ya ce, "Kai Bhagirath, in na tafi gidana zai shiga makoki, za a maimaita abin da ya faru a rasuwar mahaifina. Ka je ka tsaya." Na ce, "Yaya, ni ko baiti ɗaya ban haddace ba." Ya ce, "Ya san ka. Kai ne ɓarawon kwakwarsa."

Na je, ban yi fashi ba. Abin da nake faɗa kawai shi ne, Girdhari yana gaisuwa. Shukla Sahab, in wannan ma laifi ne, ga ni.

Umakant, ɗana, na san aikinka yana birni, ba kuma zan ɗaure ka a gaban jama'a ba. Amma yau makokinku ya ƙare, gwiwata kuma ta gaji da tudun nan. Gobe za a buɗe ƙofa kamar kullum.

Na gode wa duk wanda ya tako. Mahadeb ya ba Phulmati haƙuri, ya ba Girdhari hutu. Ya kuma sa ranar da aka nemi mai tsayuwa a kan tudu aka rasa ta same ni ba na duniya.